Mu Ne Ke Kashe Motocinmu, A Ƙyale Makanikan Birnin Kudu Su Huta

Rubutun yau zai ɓata wa wasu rai, kuma waɗanda zai ɓata wa ran abokanmu ne, wasunsu ma kwano ɗaya muke ci da su. Mu da muke rubutun ba mu tsira ba, don haka kowa ya gyara zama.

Abin da ya tayar da maganar wani al'amari ne da ya faru a Birnin Kudu bayan Sallar da ta wuce. Da yawanku kun ji shi a bakin mutane, kowa da irin gishirin da ya ƙara masa. Ba za mu kama suna ba. Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Abuja ya zo gida da Mercedes ML350, baƙa wuluk, sai sheƙi take yi. Kwana biyu bayan Sallah ya kama hanyar Gwaram zuwa ɗaurin aure, bai kai Babaldu ba allurar zafi ta fara hawa. Ya juyo ya shiga garejin wani yaro matashi a bakin titi. Yaron ya ɗaga bonet, ya duba, ya ce: "Yallaɓai, fankar ce ba ta tashi yadda ya kamata, kuma ni ba ni da na'urar da zan gane ko ita ce ta lalace ko abin da ke ba ta umarni. Ka yi haƙuri a kai ta Kano." Mai mota ya dubi agogo. Ƙarfe biyu za a ɗaura aure, kuma shi ne wakilin ango. Sai ya ce: "Kai dai cire mata tamostat ka cika mata ruwa, ai haka ake yi." Yaron ya yi jim, ya ga mai maganar ya kusa haihuwarsa, ya ɗauko sifana.

Motar ta je Gwaram ta dawo lafiya, domin a buɗaɗɗiyar hanya iskar da ke dukan lagireto ta wadatar. Ranar Juma'ar da zai koma, ya faɗa cunkoson kasuwar Wudil da rana tsaka, ya rufe gilashi ya kunna sanyi. Babu iskar hanya, babu fanka. Motar ta tafasa, gaskit ya ƙone, janwe ce ta ƙarasa da ita Kano. Da aka gaya masa kuɗin gyara, bai yi wata-wata ba ya dawo ya kai ƙarar yaron, wai ya kashe masa mota. Yaron ya kwana a tsare, sai da dattawan unguwa suka sa baki.

Tun daga ranar muke jin waƙa ɗaya a majalisu: makanikan garin nan jahilai ne, ba su san komai ba, kada ka kuskura ka ba su motar kirki. Mu mun ƙi wannan magana. A cikin mutum biyun da suka tsaya a gaban wannan bonet, ɗaya ne ya faɗi gaskiya, kuma shi ne ya kwana a tsare.

Bari mu fara da tamostat ɗin, tunda shi ne ya zama abin layya a kowane gareji daga Dutse har Basirka. Hujjar kullum ita ce wai don ƙasashen sanyi aka yi shi, mu nan zafi ya yi yawa. To duk wanda ya taɓa zuwa Saudiyya ko Dubai ya ga irin waɗannan motocin, su Lexus da Mercedes da Land Cruiser, suna yawo cikin ranar da ta fi ta Gwaram a watan Afrilu, kuma babu wanda ya cire musu komai. Aikin tamostat shi ne ya riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 90, wasu motocin Jamus ma sukan haura 100 da gangan. Idan ka cire shi, injin zai daɗe bai yi ɗumi ba, ƙwaƙwalwar motar ta ɗauka har yanzu asuba ce, ta ci gaba da antaya fetur fiye da kima. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka man da ke ƙasa. A injuna da yawa kuma, tamostat ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya bi ta lagireto ba. Ka cire shi, wani kaso na ruwan ya daina zuwa inda zai huce. Wato ka biya kuɗi an ƙara maka shan mai, ciwon da ya kawo ka kuma yana nan kwance, ko fanka ce, ko famfon ruwa, ko lagireton da ya toshe. Yaron da ke garejin ya san wani ɓangare na wannan. Mai motar da ke da digiri biyu bai sani ba, kuma bai tambaya ba.

Kada mu manta da inda makanikanmu suka yi karatu. Iyayen gidansu sun koyi aiki a kan Peugeot 504 da aka fara harhaɗa irinta a Kaduna tun shekarun 1970, motar da bakanike ke kara kunnensa ya gaya maka ciwonta. Su kuma sun tashi a kan Golf da Sharon da bas-bas na haya da Kanta. Ku je kasuwar Sara ku ga motocin da ke sauke buhunan hatsi, wasunsu sun girmi direbobinsu, kuma suna tafiya. Wa ke riƙe da su? Waɗannan dai da muke kira jahilai. Ilimi ne na gaske, sai dai ilimin wata irin mota ce. Motar da muke shigowa da ita yanzu kwamfutoci ne barkatai a cikinta, ta injin daban, ta giya daban, ta birki daban, ta ƙofofi da fitilu daban, duk suna magana da juna ta siraran wayoyi. Kunne ba ya jin wannan hira. Mu muka sayo abin da ya fi ƙarfin garin, muka kawo shi muka ajiye a gaban mutumin da jarinsa bai wuce akwatin sifanu da jak ba, sannan muka ce ya yi mu'ujiza kafin la'asar.

Kuma yawancin motocin nan da ciwonsu suke zuwa, tun kafin wani bakanike ya taɓa su. Mu faɗa wa juna gaskiya: kaso mai yawa na manyan motocin da ake kira Beljiyam daga gwanjon Amurka suke fitowa, irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye. Bayan guguwar Harvey da ta afka wa birnin Houston a 2017, motoci masu ɗimbin yawa sun kwana cikin ruwa, kuma irinsu ba a ƙone su, ana sayarwa ne. A gyara bodi, a fesa fenti, a goge kujeru, a turo mana hoto. Motar da ruwa ya shiga ba ta nuna halinta ranar ciniki. Sai bayan wata shida tsatsa ta cinye bakin wayoyi, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta maƙale, jibi dashbod ya cika da fitilu kamar gidan biki. Kowace mota tana da lambar VIN mai haruffa da alƙaluma 17, tana nan a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Da ita ake ciro tarihin motar a intanet, sau da yawa har da hotunanta ranar da aka yi gwanjonta. Kuɗin binciken bai kai na cika tanki rabi ba. A cikinmu mutum nawa ne suka yi? Mun fi duba girman rim da launin kujera da ko rufin yana buɗewa.

Wannan kuma ya wuce maganar kuɗi. Motar da ta yi haɗari jakar iskarta ta fashe, wasu dillalan ba sa saka sabuwa. Sukan liƙe murfin sitiyari, su maƙala ɗan ƙaramin abu a waya don fitilar gargaɗin ta mutu, ko su cire ƙwan fitilar ɗungurungum. Gwajin farko ba ya buƙatar ko sisi: murɗa makulli ba tare da ka tayar da injin ba, fitilar jakar iska dole ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu da kanta. Idan ba ta kama ba sam, akwai magana. Da wannan motar kake ɗaukar iyalinka kana gudun 140 tsakanin Kwanar Huguma da Birnin Kudu, kana jin kana cikin sulke.

Sai abin da muke zuba mata. A kan murfin baƙin mai, ko cikin littafin da ke aljihun dashbod wanda babu mai buɗewa, an rubuta irin man da injin ke so: 5W-30, ko 0W-20, Mercedes kuma har lambar amincewarta take sakawa, irin 229.5. Mu sai mu aiki direba da kuɗin 20W-50, wai mai kauri ya fi riƙe injin. Wancan kaurin ya dace da tsohon injin mai faffaɗan ramuka. Injin zamani da ƙarfin baƙin mai yake sarrafa lokacin buɗewar bawul, da shi yake ɗaure sarƙar taimin, ta wasu 'yan ƙananan hanyoyi da mai kauri ke wahalar bi, musamman da sanyin safiyar hunturu. Wannan ƙarar kacau-kacau da kake ji idan ka tayar da mota da asuba, ba gaisuwa take yi maka ba. Ga kuma jabun mai da ya cika gari, galan na gaske, abin ciki Allah kaɗai ya sani. Wanda ya saye shi a rabin farashi ya san abin da ya saya, araha ba ta ado.

Lagireto ma haka. Ruwan rijiya ko na burtsatse muke ɗurawa, alhali injin na alminiyom ne. Ruwan sanyaya injin da ake sayarwa mai launi yana da sinadarin hana tsatsa, yana kuma ɗaga matakin da ruwa ke tafasa. Ruwan rijiya kanwa da gishirin ƙasa yake bari a ciki, irin farin abin nan da ke taruwa a gindin butar shayi. Shekara biyu yana taruwa a ramukan lagireto, ranar da ya toshe sai mu nemi wanda ya taɓa motar a ƙarshe mu ɗora masa.

Fetur kam akwai ɓangaren da ba laifinmu ba ne. Kowa ya tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, motoci suka yi ta lalacewa, layi ya dawo gidajen mai. Kuma da yawan motocin nan an rubuta musu mai na musamman a murfin tanki, mu ko iri ɗaya gare mu a famfo. Amma wa ya tilasta mana yawo da fitilar mai a kunne har kwana uku? Famfon mai a cikin tanki yake zaune, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Wa ya tilasta wa mai motar miliyoyi tsayawa wajen 'yan bumburutu a hanyar Fagam ya sayi galan ɗaya a tace masa da tsumma, don bai cika tanki kafin ya baro gari ba?

Ƙananan halaye kuma ba su ƙirguwa. A kai mota wajen wanki a ce yaro ya buɗe bonet ya sakar wa injin ruwa mai ƙarfi don ya yi ƙyalli, a kan kwayil da fiyus da wayoyi. A cire kan batir injin na aiki wai ana gwada caji, abin da ke iya ƙone ƙwaƙwalwar mota nan take. A yi walda a salansa batir na haɗe. A ɗauki matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, a hure ta da iskar mai faci har ta yage, a mayar, ƙura ta wuce kai tsaye zuwa na'urar da ke auna iska. Batir kansa idan ya yi rauni a irin waɗannan motoci, sai su fara sambatu, su kunna fitilun ciwon da ba su da shi, kuma a BMW da wasu irinta sai an sanar da kwamfutar motar cewa an saka sabo. Duk waɗannan a gabanmu ake yi, muna zaune a benci muna latsa waya.

Indomi kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. Wannan abu mai kama da saƙar zuma da ke cikin salansa, aikinsa tace hayaƙi, kuma yana ɗauke da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ake farautarsa. Gaskiya ne akwai ɓata-garin makanikai da ke zare shi a ɓoye, kuma wannan sata ce, babu wani suna da za a ba ta. Amma mun san mutane a cikinmu da suka sayar da nasu da hannunsu lokacin da aljihu ya yi zafi, suka karɓi kuɗin, sannan suka dawo suna kukan mota na wari, fitilar injin ta ƙi mutuwa.

To, ba mu ce makanikai waliyyai ba ne. Babban aibinsu shi ne da wuya ka ji ɗayansu ya ce "ban sani ba". Sai canke: a canja fulogi, bai yi ba, a canja nozul, bai yi ba, a canja famfon mai, kowane zagaye sai an aika Ƙofar Ruwa. Rewaya ya yanke waya ya haɗa fanka kai tsaye, ya naɗe da baƙar leda. Wannan duka muna gani kuma ba mu goyon baya. Sai dai mu tambayi kanmu wa ya koya musu tsoron faɗin "ban sani ba". Wanda ya faɗa, muna cewa bai iya aiki ba, mu kwashe motar mu kai wa na kusa da shi mai cewa "an gama, Alhaji". Yaron da muka fara da labarinsa ya faɗa. Kun ji sakayyar da ya samu. Duk wani bakanike da ya ji labarin nan a Birnin Kudu ya ɗauki darasi, kuma darasin ba na gaskiya ba ne.

Su ma masu kwamfuta na birni kada a ɗauka duka malamai ne. Tun 1996 doka a Amurka ta wajabta wa motoci wata kafa mai baki 16 a ƙasan sitiyari, inda ake jona na'urar gwaji. Ƙaramar na'urar da ke haɗuwa da wayar hannu ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba, kuma ya kamata duk mai irin wannan mota ya ajiye ɗaya a aljihun ƙofa. Amma lambar da take nunawa alama ce kawai ta inda za a fara bincike. P0171 na nufin iska ta fi fetur yawa a cakuɗin, kuma hakan na iya zama tsagaggen tiyo na 'yan kuɗi kaɗan, ko dattin na'urar auna iska, ko famfon mai da ya gaji. P0128 na cewa injin ba ya kai zafin da ya kamata, wato sau da yawa tana tona asirin tamostat ɗin da ka sa aka cire. Mutumin da zai jona kwamfuta, ya goge lambobin, fitila ta mutu, ya karɓi kuɗinka, bai gyara komai ba. Kafin ka wuce Wudil za ta dawo. Ka ɗauki hoton lambobin kafin kowa ya goge su. Idan kuma fitilar injin tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, ka sauka gefen titi, wani silinda ne ba ya ƙone mai, ci gaba da tafiya asara ce a kan asara.

A ƙarƙashin duk wannan akwai abin da ba mu son faɗa: da yawanmu mun iya sayen motar, ba mu iya riƙe ta ba. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, Naira kuma aka sake ta a kasuwa a watan Yuni, kayan gyaran da ake saya da Dala suka yi tashin gwauron zabo. Mota ta tsufa, farashinta ya sauko har muka iya kai hannu, amma kayan gyaranta ba su san ta tsufa ba. Balan-balan ɗin iskar da ke ɗaga Range Rover ko babbar Mercedes yana nan a farashin masu kuɗin da aka ƙera motar dominsu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda lissafinsa bai kai ba, Corolla ko Camry ba abin kunya ba ne, za ta kai shi Gwaram ta dawo da shi shekara goma, kuma kowane gareji ya san ciwonta. Abin kunya shi ne babbar mota a ƙofar gida an ɗora ta a kan bulo, kaji na kwana a ƙarƙashinta, mai ita yana hawan acaɓa yana zagin bakanike.

Hanyoyinmu ma ba su san darajar tambarin da ke gaban mota ba. Siririyar taya a kan rim 20 an yi ta ne don titi mai santsi, rami ɗaya ya isa ya fasa ta ya lanƙwasa rim. Tayar gwanjo kuma tana da ranar haihuwa a gefenta, alƙaluma huɗu na ƙarshen layin DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wasu ma na ƙanƙara ne da aka yi wa ƙasashen sanyi muke ɗora su a kwaltar bazara. Da damina kuwa, mutanen Gwaram ba sa buƙatar a tuna musu abin da ya faru a hanyar Basirka a watan Agustan 2021, da ruwa ya karya gada aka rasa rayuka. Tsayin jif ba lasisin shiga ruwa ba ne. Idan injin ya zuƙi ruwa ta hanyar iska, sandunan fistin ne ke lanƙwashewa nan take, kuma da yawan kwamfutocin motar a ƙarƙashin kujera da kafet suke zaune.

Abin da muke nema daga 'yan'uwa ba shi da yawa. Masu irin waɗannan motoci a Birnin Kudu da Gwaram, da waɗanda ke Kano da Dutse da Abuja suna zuwa gida, mun isa mu haɗa kuɗi mu sayi na'urar gwaji ta gaske guda ɗaya, mai karanta giya da birki da jakar iska, mu ɗauki matasa biyu daga garejojin garin nan, bakanike ɗaya rewaya ɗaya, masu ɗan karatun boko, mu tura su Kano ko Kaduna wata shida wajen wanda ya iya. Kuɗin bai kai na injin ɗaya da ya buga ba, kuma a cikinmu akwai wanda ya sayi injin biyu. Likitocin asibitin tarayya da ke garin nan da ma'aikatan da ake turowa kaɗai sun isa su riƙe musu kasuwa. Wanda zai zo gida Sallah kuma ya duba motarsa mako guda kafin tafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Idan bakanike ya ce maka a kai Kano, ka gode masa, ka ba shi kuɗin dubawa, ka nemi motar haya ka je ɗaurin aurenka.

Sunan yaron nan muke so a fara rubutawa cikin biyun da za a tura. Kafin nan, ɗan'uwanmu mai ML350 yana karanta wannan rubutu, mun sani. Har yau bai biya yaron kuɗin aikin ranar ba, balle ya je ya ba mahaifiyarsa haƙuri. Garejin yana nan inda ya bar shi.